Muna Bukatar Injin da Ya San Ba Shi da Lafiya

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa ta kudu har Maigatari a bakin iyaka, da Sule Tankarkar ta yamma, ya san tankin ruwan nan mai tsayuwa bisa ƙafafun ƙarfe, da allon da akan kafa a gindinsa ɗauke da sunan wanda ya ba da aikin da shekarar da aka buɗe shi. Ya kuma san cewa da yawa daga cikin tankunan nan babu abin da ke cikinsu sai zafin rana da gidan zanzaro, alhali kuwa yara suna ratsawa ta ƙarƙashinsu da jarkoki, sun nufi tsohuwar rijiyar da kakanninsu suka haƙa. In ka tambayi mai unguwa abin da ya faru, amsarsa ba ta wuce kalma uku: inji ya ƙone.

An saba a ce laifin na ɗan kwangila ne da ya sa kayan banza, ko na hukuma da ba ta ware kuɗin gyara, ko na jama'ar gari da ba su ɗauki kayan gwamnati a bakin kome ba. Duk waɗannan akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, ban zo don in wanke kowa ba. Amma a ganina akwai laifi na huɗu wanda ya girme su duka, kuma shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, mu ɗalibai da 'yan'uwanmu da ba su daɗe da kama aikin gwamnati ba. Laifin kuwa shi ne, tun a kan takarda muke tsara injinan nan kamar babu ranar da wani abu zai tangarɗe. Mukan tsara wa inji ranar lafiya, mu manta da ranar ciwo, sa'an nan in ciwon ya zo mu riƙe baki muna mamaki.

Batun ba ƙarami ba ne a wannan yanki, domin masarautar Gumel ba ta da kogin da ke gudana shekara a kan shekara. Damina wata uku ce zuwa huɗu, tafkuna kan ƙafe tun kafin bazara ta kankama, saboda haka mutum da dabba duk ruwan ƙarƙashin ƙasa suka dogara da shi, ruwan kuwa yana da nisa. Tun zamanin WRECA da KNARDA a tsohuwar Jihar Kano ake haƙa rijiyoyin burtsatse a nan, aka zo zamanin DFRRI da aka kafa a 1986, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, hukumomi irin su RUWASA da STOWA suka ɗora. Haƙa dai ba a fasa ba. Amma wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2017 a kan ruwan sha a Nijeriya ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ayyukan ruwa kan daina aiki tun a cikin shekararsu ta farko. Abin da ya mutu bai cika shekara ba, ai ba tsufa ne ya kashe shi ba.

A fannin injiniya akwai wani reshe da ake kira ilimin sarrafa na'ura, wanda in da ni ne mai raɗa masa suna da sai in ce ilimin linzami. Kowace na'ura mai tafiyar da kanta tana da abu uku. Akwai ma'auni, wanda shi ne idonta da kunnenta; akwai akwatin sarrafawa, inda ake yanke shawara; akwai kuma hannun da ke aikata abin da aka yanke, kamar injin da ke juya famfo ko makunnin da ke katse wuta. Ma'auni ya duba, akwati ya kwatanta abin da aka gani da abin da ake so, hannu ya gyara, ma'auni ya sake dubawa, haka abin yake zagayawa ba tsayawa. A cikin wannan reshe kuma akwai wani ƙaramin reshe da ke tambaya guda: in ido ya makance, ko hannu ya shanye, ko ita kanta na'urar halinta ya sauya, yaya za a yi aiki ya ci gaba, ko kuwa aƙalla a tsaya lafiya ba tare da ɓarna ba? Wannan shi ne sarrafawa mai jure tangarɗa. An raya shi domin jiragen sama da tashoshin nukiliya da matatun mai, shi ya sa in an ambace shi sai mutanenmu su ɗauka zancen manyan ƙasashe ne. Ni kuwa ina ganin babu inda ya fi bukatarsa kamar ƙauyen da makanikensa yake tafiyar yini.

Kafin a gane amfaninsa, tilas a gane wani hali na injin ruwa wanda yawancin masu tsara ayyukanmu ba su lura da shi. Akwai lissafi miƙaƙƙe, irin na mai awo: kuɗin mudu biyu ninkin na mudu ɗaya ne, in ka rage kuɗi da kashi goma sai a rage maka gero da kashi goma. Akwai kuma lissafin da ba miƙaƙƙe ba, wanda duk mai jan guga ya san shi ko bai shiga aji ba. Rijiyar da ruwanta yake gaba ashirin, in igiyarka gaba goma sha tara ce, ba za ka sami ruwan da ya ragu kaɗan ba. Ba za ka sami ko ɗigo ba. Rashin gaba ɗaya ya cinye amfanin goma sha tara.

Famfon burtsatse mai fanka, watau irin wanda ya fi yawa a rijiyoyinmu, halin igiyar nan gare shi, har ma ya fi ta. Tsayin da zai iya tura ruwa yana bin saurin juyawarsa ne in an ninka saurin da kansa. In sauri ya sauko zuwa kashi 90 cikin 100, ƙarfin turawa zai koma kashi 81. In ya sauko zuwa kashi 80, ƙarfin turawa sai ya koma kashi 64. Mu ɗauki misali, famfon da iyakar ƙarfinsa mita 100 ne, aka ɗora masa aikin ɗaga ruwa mita 70 daga cikin rijiya har bakin tanki. Da sauri ya ragu da kashi 10, ruwa zai riƙa zuwa, sai dai kaɗan. Da ya ragu da kashi 20, ruwan zai hau bututu ya tsaya a mita 64, ba ya gaba ba ya baya. Inji yana ta juyawa, mai gadi yana jin ƙararsa yana zaton ana aiki, tanki kuwa wayam. Mafi muni ma, injin da ke nutse a rijiya ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne yake sanyaya shi. In ruwa ya daina tafiya, sai inji ya shiga dafa kansa.

To me zai rage saurin? A rijiyar da ke aiki da farantan sola, abubuwan da muke kwana muke tashi da su ne. Ƙurar hunturu kan kwanta a kan faranti, hazo ya dushe rana. Da bazara kuma, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, shi kansa farantin kan kai digiri 60 ko fiye, alhali ƙarfin da aka rubuta a bayansa a digiri 25 aka auna shi, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yakan ci wajen kashi 0.4 cikin 100 na wutar da yake bayarwa. Watau a daidai watannin da ƙishi ya fi tsanani, lokacin da ruwan rijiya ya fi yin ƙasa, a nan ne wutar ma take raguwa. Igiya tana gajarta, rijiya tana ƙara zurfi.

Wanda ya jona rijiyarsa da wutar gari shi ma bai tsira ba. Babban inji layi uku yake sha, kuma yana so ukun nan su zo da ƙarfi ɗaya. In suka bambanta da kashi 3.5 cikin 100 kacal, zafin da wayar cikinsa take ɗauka kan ƙaru da wajen kashi 25. In bambancin ya kai kashi 5, ƙarin zafin sai ya doshi kashi 50. Masu ƙera injinan sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin wayar nan yakan raba kwanan rufinta biyu. In kuwa layi ɗaya ya yanke ɗungum, abin da kan faru duk lokacin da fis ɗaya ya tsinke a taransifoma, inji ba zai tsaya ba. Zai ci gaba da wahala a kan layi biyu yana zuƙar wuta fiye da kima har ya ƙone. Wannan ce fassarar kalmomin nan uku na mai unguwa. Ba rana tsaka inji ya ƙone ba. Ya daɗe yana kuka, babu wanda aka ɗora wa aikin saurare.

Masana wannan fanni sun kasa maganin gida biyu. Na farko shi ne a gina na'ura da juriya tun asali, yadda ko tangarɗar da aka yi tsammani ta zo, za ta shanye ba tare da ta ma san ta zo ba. A wajen rijiya wannan yana nufin a ƙara yawan faranti fiye da abin da lissafin ranar garau ya bayar, a sauke famfo ƙasa da inda ruwa yake tsayawa a ƙarshen bazara ba inda aka same shi da kaka ba, a kuma zaɓi irin famfon da ya dace da zurfi. Akwai famfo mai murɗaɗɗen sanda a madadin fanka, irin wanda kamfanonin Grundfos da Lorentz suke yi domin rijiyoyi masu zurfi, wanda shi ko rana ta yi rauni yakan ci gaba da turo ruwa har sama, sai dai a hankali. Ruwan da yake bayarwa bai kai na mai fanka yawa ba, yashi kuma yana cin sa, amma ga ƙaramin ƙauye mai rijiya mai zurfi, ya fi kusa da lissafin mai awo. Wannan hanya ta farko tana da sauƙi, sai dai tana da tsada, kuma tangarɗar da aka hango kaɗai take jurewa.

Na biyu shi ne wanda na fi so mu zura wa ido. A nan ana koya wa na'ura ta gane cewa ba ta da lafiya, ta gano inda ciwon yake, sa'an nan ta sauya yadda take aiki gwargwadon ƙarfin da ya rage mata. Dabarar ganowar tana da ban sha'awa. Akan ajiye lissafin yadda lafiyayyen inji ya kamata ya kasance a cikin akwatin sarrafawa, kullum ana kwatanta shi da abin da injin gaske yake yi. Muddin biyun suna tafiya tare, lafiya lau. Da sun rabu, ratar da ke tsakaninsu ita ce alamar ciwo, kuma yanayin ratar shi ke faɗin irin ciwon. Uwar gida ma da wannan dabara take aiki: ta san tsawon lokacin da tulunta kan yi kafin ya sauka, in ta ga ya sauka da wuri ba sai ta ga tsaga ba za ta san yana yoyo. Haka famfo. In saurinsa bai sauya ba amma wutar da yake ja ta faɗi farat ɗaya, to babu ruwa a bakinsa, iska yake kaɗawa. In wutar tana hawa sannu sannu mako bayan mako, to yashi ne ko wani abu yake cije shi. Ba a bukatar a zura wani sabon ma'auni cikin rami mai mita tamanin. Wayar da ke kai masa wuta ita ce take kawo labarinsa.

Wahalar da ke ciki, wadda ita ce ta sa har yau ake rubuta kundin digiri a kan batun, ita ce halin nan marar miƙewa. Lissafin da ya yi daidai da tsakar rana ba zai yi daidai da hantsi ba, wanda ya dace da watan Oktoba zai yi ƙarya a watan Mayu. Saboda haka ko dai a tanadi lissafi iri iri ana sauyawa daga wannan zuwa wancan, ko kuwa a yi wanda yake gyara kansa yana bin yanayi. Bayan an gano ciwon kuma, sauyin aikin ba wani abin al'ajabi ba ne. In ruwan rijiya ya yi ƙasa, sai a rage sauri yadda abin da ake ja ba zai fi abin da rijiya take tsattsafowa ba, ko a huta rabin sa'a a sake gwadawa. In rana ta gaza kai ruwa saman tanki, sai a buɗe masa hanya ta ƙasa ya zuba a kwamin dabbobi ko famfon da ke gindi, tunda wannan bai bukaci hawan mita goman ƙarshe ba. In layi ɗaya ya yanke, a tsaya cak, a kunna fitilar da za ta gaya wa mai gadi dalili. Da babu gara ba daɗi: ƙauyen da ya sami rabin tanki yau, injinsa kuma yana raye, ya fi wanda ya sami cikakken tanki jiya ya shiga wata shida yana jiran a sake naɗa wa inji waya a Kano.

Sai dai shi ma ma'aunin yana iya yin ƙarya, kuma duniya ta sayi wannan darasi da tsada. Jirgin sama samfurin Boeing 737 MAX yana da ma'auni biyu masu auna yadda hancinsa ya ɗaga, amma wani tsari da aka sa masa mai danna hancin ƙasa da kansa, guda ɗaya kaɗai yake saurara. Da ɗayan nan ya ba da labarin ƙarya, sai na'ura ta yi ta danna hancin jirgi matuƙa suna ja. Jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonesiya ran 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189. Na Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Addis Ababa ran 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da ɗan Nijeriya Farfesa Pius Adesanmi. Gyaran da aka yi daga baya ya haɗa da tilasta wa na'urar ta saurari ma'aunan biyu, in suka saɓa ta janye hannunta. Tun 1956 masanin lissafi John von Neumann ya nuna yadda za a haɗa amintacciyar na'ura daga sassan da ba amintattu ba, ta hanyar tara su a bi ra'ayin mafi rinjaye. Alƙalinmu na gargajiya bai karanta shi ba, amma bai taɓa yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba. Mu kuwa tankinmu ɗan ƙwallo guda ne mai yawo a saman ruwa yake shaida ya cika ko bai cika ba. Ranar da ya maƙale, ko dai ruwa ya kwana yana ambaliya, ko famfo ya ƙi tashi tanki yana bushe. Shaida na biyu kuwa yana nan kyauta, agogo ne: akwatin da ya san tanki kan cika cikin sa'a biyar bai kamata ya yarda da ƙwallon da ya ce bai cika ba bayan sa'a tara.

Wani darasin daga sararin samaniya ya zo. Ran 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana gab da sauka a kan wata, sai aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa. Ba ta sume ba. An riga an jera mata ayyukanta bisa muhimmanci, saboda haka ta watsar da ƙanana ta riƙe na saukar kumbo. Wannan shawara ce da aka yanke a ƙasa tun kafin a tashi. Mu ɗauki Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa take cika da shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasar Damagaram da sauran sassan Nijar, ga fatake da direbobi da masu abinci. Saniya guda da bazara ba ta gaza shan lita 25 a yini. Bukatar ruwan garin a wannan rana ba ɗaya take da ta ranar Litinin ba. In rijiya ɗaya ta tsaya da safiyar Alhamis, wa za a fara ba? Asibiti, ko unguwanni, ko kara? Wannan ba tambayar da za a bar wa mai gadi da 'yan ga-ruwa su warware da hayaniya ba ce. Ya kamata a ce an amsa ta tun a zanen bututu, an sa makullai yadda za a iya rufe wani reshe a juya ruwa zuwa wani. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma wani tarko da masu son yin abu bibbiyu kan faɗa. Biyu ba ta zama biyu sai in abin da zai kashe ɗaya ba zai kashe ɗayan ba. A 1989 wani jirgin DC-10 na kamfanin United a Amurka yana da hanyoyi uku na man da ke motsa fikafikansa, kowace mai zaman kanta, amma duka ukun ta wutsiya suka bi. Da injin wutsiya ya tarwatse sai ya datse su gaba ɗaya. Matuƙan suka koma sarrafa jirgin da ƙara wuta da rage wuta a injina biyun da suka rage, da haka mutum 184 cikin 296 suka rayu. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Oktoba 2024. An riga an lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta koma rataye da layin da ke tasowa daga Ugwuaji a Inugu ya biyo ta Apir a Binuwai, shi kuma ya faɗi ran 21 ga watan, Kano da Jigawa da Katsina da sauran jihohi suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Tashar rarraba wuta ta Gagarawa ba ta da laifi a lokacin, amma me za ta rarraba? Garin da yake alfahari yana da rijiyoyi huɗu, alhali huɗun a taransifoma ɗaya suke sha, rijiya ɗaya gare shi mai baki huɗu.

Na san abin da wani babban ma'aikaci zai ce in ya karanta wannan: yaro bai san kasafin kuɗi ba. Amsata gajera ce. Ɗan makunnin da ke katse wuta in layi ya yanke, da wanda ke tsayar da inji in ruwa ya ƙare, kuɗinsu bai kai na fentin tanki da allon suna da rumfar bikin buɗewa ba, balle a kwatanta da kuɗin ciro famfo daga rami a sayi sabo. Yawancin akwatunan sola na zamani ma da waɗannan dabaru a cikinsu suke zuwa, sai dai ba a saita su ba, ko ba a jona wayarsu ba, domin babu wanda ya rubuta a takardar kwangila cewa dole ne.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa duk abin da ka ƙara wa na'ura ka ƙara abin da zai lalace, kuma akwatin da makaniken Gumel ba zai iya buɗewa ya gane ba, shi kansa tangarɗa ne. Wannan gaskiya ne. Duk wanda ya leƙa ɗakunan injinan ruwa a karkara ya ga makunnin tsaro da aka tsallake da guntuwar waya. Kada a yi saurin zagin wanda ya yi haka. An saita makunnin ne da ma'aunin ƙasar da wutarta ba ta rawa, aka kawo shi inda wuta take hawa da sauka kamar numfashi, saboda haka yana katsewa sau goma a yini, mata sun yi layi da bokitai suna jira, mai unguwa yana aike. Kare mai haushin kowa, ranar da ɓarawo ya zo babu mai fitowa. Inda za a kafa iyakar nan, tsakanin ƙararrawar ƙarya da ciwon da ya wuce ba a gani ba, yana cikin manyan matsalolin wannan fanni, kuma ba a warware shi daga littafin kamfani. Sai an auna wutar wurin da ruwan wurin na tsawon shekara. Ban da haka, na'urar da ta iya rage gudu ta ci gaba a hankali ba ta jawo wa kanta guntuwar waya kamar wadda ba ta san kome ba sai tsayawa.

Shi ya sa ma nake ganin kuskure ne a cire famfon tuƙa-tuƙa ranar da aka kawo sola, kamar yadda akan yi don a nuna an ci gaba. Famfon Afridev, wanda aka fara ƙirƙira a Malawi a farkon shekarun 1980, an tsara shi ne musamman yadda mutanen ƙauye za su iya zaro sandunansa su sauya robar da ta cinye ba tare da ƙugiya ko mota ba. A wurin da zurfin ruwa bai fi ƙarfin hannu ba, shi ne na biyun da ya cika na biyu, domin ba ruwansa da hazo ko taransifoma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu sai in juyo gare mu. Kowace shekara ɗaliban injiniya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Wudil, da kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja da Dutse, suna rubuta kundin kammala karatu a kan sarrafa na'ura, kuma mafi yawa a cikin kwamfuta ake farawa a cikinta ake gamawa, a kan injin da babu shi, da lambobin da aka aro daga mujallun Sin da Indiya. Ga kuma sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, maƙwabciyar Sule Tankarkar. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki rijiya guda a Gagarawa ko Maigatari, ya maƙala mata ɗan ma'aunin wuta mai rubuta abin da ya gani, ya bi ta tun daga kaka har faɗuwar ruwan fari? Wanda ya yi haka zai fito da abin da babu shi a kowane littafi, watau ainihin halin famfo a ƙarƙashin hazonmu da zafinmu da yashinmu. Daga nan ne za a san inda ya kamata a kafa iyakar ƙararrawa, a kuma rubuta saƙonta da Hausa a fuskar akwati, ko a turo shi ta wayar hannu, yadda mai gadi zai karanta "ruwa ya yi ƙasa, zan sake gwadawa" maimakon wata lamba da ba ta gaya masa kome.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke ofisoshin ayyuka na ƙananan hukumomi da ma'aikatar ruwa, kada ku raina kujerarku. Ba ku ke ba da kwangila ba, amma sau da yawa ku ke buga takardar da ke fayyace abin da za a saya, kuma ku ake turawa duba aiki kafin a biya. A yau gwajin karɓar aiki bai wuce a kunna inji, ruwa ya zubo, a yi tafi, a ɗauki hoto ba. Wannan gwajin ranar lafiya ne. Ku ƙara masa sakin layi guda. A gaban ɗan kwangila da wakilin gari, inji yana cikin aiki, a zare fis ɗaya a ga ko zai tsaya. A lulluɓe kashi ɗaya cikin uku na faranti da tabarma a ga ko ruwa zai ci gaba da zuwa, ko kuwa inji zai gane ya huta. A ɗaga ma'aunin ruwa daga rijiya a ga abin da akwati zai ce. A danne ƙwallon tanki da hannu a jira. A rubuta sakamakon kowanne, mai unguwa ya sa hannu, a liƙa kofi ɗaya a bangon ɗakin inji tare da zurfin da aka sauke famfo da matakin da ruwa yake a ranar. Gwajin duka bai fi aikin yini guda ba, kuma ya fi kyau a yi shi a watan Afrilu ko Mayu, kafin a saki ragowar kuɗin da akan riƙe wa ɗan kwangila.